Sallama a Bakin Raga

Jiya jikana ya shiga raga ba sallama, sai na tuna kocinmu na Kontagora, tsohon gola da muke kira Baba. Shi sai ya ƙwanƙwasa turken raga ya ce, "Masu gida, mun zo." Wai wani Baturen Suwizalan ya koya masa. Ni da na tsaya aji uku ban yi gardama ba.

Da ya rasu, ko sadakar bakwai ɗinsa ba a yi ba muka kara da Rijau, aka ba su fanareti, ni ne gola. Na ƙwanƙwasa turke, turke ya mayar mini. Warin man zafin Baba ya cika ragar, aka ce a kunnena, "Hagu, sakarai." Na faɗi hagu, na cafke.

Allah ya jiƙan Baba, ya hutar da shi zuwa fili.