Sunayen Mutanen Kan Dutse

A shagon fotokwafi na layinmu, wani dattijo mai tsohuwar kwat yana rungume da takarda. Ina zaton malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Sunayen kakanninsa ne a jiki, waɗanda suka zauna kan dutse kafin mutanen garinsu su sauko ƙasa. Ita kaɗai ta rage, ta koɗe har hoto ba ya ɗauka. Leda ya zo a manna mata, amma zafin injin ya tsorata shi.

"Baba, ba ya ƙonawa," in ji mai shagon.

"'Yata, in ya ƙona fa?"

Sai ya raba mana sunayen, mu da ke jira a shagon, kowa ya haddace ɗaya, sannan ya saki takardar. Nawa Bakut. Injin yana ja a hankali, ni da nake manta lambar wayata ina ta maimaitawa.