Madarar Da Muka Kulle A Gwiwa

Na gama sakandare a lokacin da kuɗin mai ke yawo a Kano, mu kuma a ƙasar Kazaure fari ya ƙone gero tun bai fid da kai ba. Wani Alhaji ɗan kwangila, aminin mahaifina, ya kafa ƙungiyar taimakon mata masu goyo, ya ɗauke ni in riƙa buga masa takardu. Mutum ne da ba ya gajiya, ya kuma iya magana. Sai dai hirarsa kullum ɗaya ce: reshe. Reshe a Roni, reshe a Gwiwa, na Babura yana tafe. Allon ƙungiya kan riga ofis isa gari.

Aka kawo mana buhunan garin madara, aka jibge a wani ɗaki a Gwiwa, makulli a hannuna. Alhaji ya ce kada a taɓa sai Alhamis, ranar da manyan baƙi za su zo daga Kano da mai hoto. Su ne za su ba da motar da zai buɗe Babura da ita.

Ranar Litinin da hantsi wata mata ta iso a ƙasa daga ƙauye, nononta ya ƙafe. Ta kwance goyo ta nuna min. Yarinyar ko kuka ba ta iya yi, baki kawai take buɗewa.

"Malama, an ce kuna da madara. Ko cokali biyu ne."

Na samu Alhaji a gindin darbejiya yana duba sabon allo.

"Baba, yarinyar nan ba za ta kai Alhamis ba."

Ya taso ya leƙa. "Kai! Ai wannan ita za a sa a gaba." Ya dube ni yana dariya. "Ke 'yar boko, in kika ƙosar min da yaran, me zan nuna wa baƙi? Kumatu? Kwana uku ne fa, 'yata. Kin san yara nawa motar nan za ta ciyar?"

Makullin yana ɗaure a bakin gyalena. Na ji tsoron Alhaji, na ji tsoron abin da zai gaya wa mahaifina. Na koma na ce wa matar an manto makulli a Kazaure. Ni da bakina. Ta ce Allah ya kai mu, ta nemi inuwa ta zauna.

Ranar Alhamis Alhaji ya rungumi yarinyar a jikin babbar rigarsa ta shadda, aka yi ta ɗaukar hoto. Ya yi hawaye, kuma wallahi na gaske ne. Da aka dama madarar na ɗura mata, sai ta riƙa zubowa ta gefen baki. Da safiyar Juma'a ta rasu. Uwar ta kama hannuna ta ce, "Kin yi ƙoƙari, Malama, Allah ya saka."

Mota ta samu. Makon jiya Alhaji ya kira ni, ya ce in riga shi zuwa Babura, in zaga unguwanni in nemo masa irin waccan yarinyar kafin bikin buɗe reshen. Na ce to.

Tun ranar nake kwance, na ce zazzaɓi ne. Ban gaya wa kowa a gidanmu ba, kuma an aiko cewa gobe da sassafe direba zai zo ɗaukata.