Kwanar da Na Ƙi Kama Birki

Wata Lahadi ce cikin hutun daminar 1998, bayan sallar azahar, matar Kawu Sani ta ɗora mini ƙwaryar fura ta ce in kai wa baƙi a falo. Shekarata goma sha ɗaya, kuma kwana huɗu ke nan da zuwanmu Gusau daga Nahuce, ni da yayana Mudi. Kawu ƙanen Innarmu ne, yana sayar da kayan babur a kasuwa, kuma a duk layinsu shi kaɗai ya kafa ƙaton farantin nan mai kamo tashoshin waje a kan rufinsa. Na yi sallama sau biyu babu wanda ya amsa. Da na ɗaga labule sai na tarar da maza kusan goma sun zuba wa talabijin ido, wani a kujera, wani a durƙushe, ga wani irin kuka yana fitowa daga akwatin kamar an fasa amyar zuma. Babura ne ke tsere, amma ba irin na 'yan kabu-kabu da na sani ba. Mahayan sun rufe kai da hular kwano, sun kwanta ruf a kan tanki, idan suka zo kwana sai mutum da babur su kishingiɗa gaba ɗaya har gwiwa tana shafar kwalta, kana cewa sun faɗi sai ka ga sun miƙe sun wuce. Ban san na daskare da ƙwarya a hannu ba sai da Kawu ya ce, bai ko waiwayo ba, "Ke Balkisu, aje ki zauna ko ki hita, kin tare muna iska." Na ajiye na zauna a bakin ƙofa.

Sunayen mahayan ba sa faɗuwa a bakin kowa a ɗakin, saboda haka kowane an raɗa masa nasa. Na Kawu shi ne Dattijo, mai shuɗin babur, wanda ba ya gaggawa. Zai lafe a bayan na gaba yana bin sa zagaye bayan zagaye, sai tsere ya zo ƙarshe ya zare jiki ya wuce. Samarin ɗakin kuwa suna bayan Ɗan Zafi, mai jan babur, wanda ko dai ya zo na ɗaya ko a kwashe shi daga cikin tsakuwa. Sai Malam Isa makaniki, da yake zaune can gefe yana cewa duk surutun banza ake yi, aikin inji ne. "Ku ba ni babur ɗin Dattijo," in ji shi, "ko jakina ya hau sai ya ci." A ranar Ɗan Zafi ne a gaba, saura zagaye uku, ya shiga wata kwana bai rage wuta ba. Babur ya zame daga ƙarƙashinsa, shi kuma ya yi ta mirginawa kamar buhun da ya faɗo daga mota. Kawu ya tafa hannu yana cewa, "Na hwaɗa muku! Gaggawa ba ta haihuwar ɗa namiji." Mudi ya ƙyalƙyale da dariya, nan take ya zama ɗan Dattijo. Ni kuwa abin da na gani daban ne. Yaron nan ya miƙe yana ɗingishi, bai duba jikinsa ba, ya ruga wurin babur ɗinsa yana kiciniyar ɗaga shi ya koma tsere, har sai da mutane biyu suka riƙe shi. Tun daga wannan gudun na zama tasa.

Da muka koma Nahuce sai na kasa zama wuri ɗaya. Idan Inna ta ba ni surfe, taɓarya ta yi ta gudu a hannuna har hatsi yana tsalle daga turmi, kaji suna biki. Idan na je rijiya, sai in ɗauko tulu in dawo da sassarfa, ina karkata jiki a kowace kusurwar katanga, rabin ruwan ya ƙare a zanena. Ko awaki zan kora bayan gari sai na zaɓi jar akuya na ce ita ce Ɗan Zafi, in yi ta zuga ta ta wuce sauran. Da kuka nake yin komai, wannan kukan na inji, ina fitar da shi ta hanci ban ma sani ba. Inna ta gaji ta ce, "Wagga ɗiya, ko barkono aka zuba miki a ƙafa a Gusau?" Kakarmu ta ce a yi mini rubutu in sha. Na sha, ban canza ba.

A makaranta ma ban bar kowa ya huta ba. Lokacin hutun ƙarfe tara, sa'ad da sauran 'yan mata suke gaɗa da 'yar carafke a gindin darbejiya, ni ina tsakiyar maza ina zana hanyar tsere da tsinke a ƙasa, ina nuna inda ake kwanciya da inda ake miƙewa. Cikin sati biyu ajinmu ya rabu gida biyu a kan mutanen da ba wanda ya taɓa gani sai ni da Mudi. Yaran da ko talabijin ba su taɓa zama a gabansa ba suna rantsuwa cewa Dattijo matsoraci ne, wasu suna cewa Ɗan Zafi mahaukaci ne mai ɓarnar dukiya. Masu wasan gare suka shafa wa nasu jar ƙasa ko shuɗin alli, ana zagaya ajin 'yan shida da gudu har malamin aikin gona ya fito da tsumagiya. Mudi ya fi ni shekara uku, kuma ya fi ni iya baki. Kullum maganarsa ɗaya ce, wanda bai san birki ba bai san tuƙi ba, kuma me mace ta sani a kan babur. Wannan ta ƙarshen ce take hana ni cin tuwo.

Baba yana da baƙin keke mai ƙarfe a tsakiya, da shi yake zuwa Bungudu ranar kasuwa. Da kaka ta kama, amalanke yake bi zuwa gona, keken ya yini jingine a zaure. A nan na fara satarsa. Ina tura shi bayan rumbuna, in zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tunda ban kai sirdi ba, in yi ta faɗuwa cikin ƙaiƙayi har na iya. Mudi ya kama ni a rana ta uku. Bai tona ni ba, amma tun daga ranar ni ke yanko wa tumakinsa haki. Shi ne kuma ya kawo maganar kwanar tsamiya. A hanyar gonarmu akwai gangare mai sauka zuwa rafi, a ƙarshensa hanya ta karya hagu a gindin wata tsamiya, kuma ruwan damina ya tara yashi a wurin. Ya ce babu mahalukin da zai sauko gangaren nan ya sha kwanar bai kama birki ba, ko Ɗan Zafi da kansa. Na ce ana iyawa, in dai an kwanta sosai. Ya ce, "To ki kwanta mu gani." Kwana da kwanaki maganar tana cina. Duk lokacin da na wuce wurin da ƙafa sai na tsaya na auna shi da ido.

Ranar da abin ya faru ana yankan gero a gonarmu, Baba ya ɗauki mutum biyar aiki. Inna ta gama dambu rana ta riga ta take, ta ɗaure langa biyu a tsumma ta ce in yi sauri, in tafi da ƙanena Auwalu ya riƙe mini butar kunu. Shekararsa biyar, yaro ne mai shiru wanda duk abin da na ce shi ne daidai a wurinsa. Da muka fito zaure na ga keken. Na ce wa kaina ai saboda sauri ne. Na rataya langa a kan keken, na ɗora Auwalu a kariyar baya da butar a cinyarsa, na ce ya riƙe ƙarfen sirdi da hannu ɗaya. Har muka kai bakin gangare lafiya lau, yana dariya, iska tana kaɗa masa riga. Daga nan na hango tsamiyar, na hango Mudi zaune a kan tushenta, an aiko shi ya tarye mu saboda masu aiki sun fara ƙorafin yunwa. Ya miƙe tsaye da ya gan mu. Na tuna yatsuna suna kan birki. Na tuna na ɗauke su da gangan.

Ban kai ga kwanciyar ba ma. Tayar gaba ta nutse cikin yashi, kan keken ya juya, na ji ni a sama, sai ga bakina cike da ƙasa. Na miƙe da sauri, kuma abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne wurin keken na fara nufa. Sai da na kama shi zan ɗaga na lura Mudi ya wuce ni a guje. Auwalu yana kwance a jikin saiwar tsamiya, kunu ya jiƙe masa riga, hannunsa na hagu ya lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwashewa. Bai yi kuka ba da farko. Ya dube ni ya ce, "Yaya, butar ta zube." Sai da Mudi ya taɓa shi ya ƙwala ƙarar da ta fito da mutane daga cikin gero da lauje a hannu.

A amalanke aka kai shi bakin titi, daga nan mota zuwa wurin wani mai ɗori a Bungudu. Aikin ranar ya watse, geron da aka yanka ya kwana a ƙasa. Inna ta dake ni da marecen nan, dukan da na karɓa kamar kyauta, don shirun Baba ya fi shi ciwo. Sai bayan kwana biyu ya kira ni zaure. Mudi yana tsaye a wurin, ya riga ya faɗa masa komai, har da cewa shi ya zuga ni, abin da ban roƙe shi ba kuma ban taɓa zato ba. Baba yana gyara kan keken tsakanin gwiwoyinsa, ya sa na ba shi labarin tseren tun daga farko. Ya saurara har na kai wurin da Ɗan Zafi ya miƙe ya ruga. Sai ya ce, "Shi wanga yaro naki, in za shi hwaɗuwa, wa yake ɗaukowa a bayansa?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To." Ya ci gaba da ɗaure ƙusa. Ni kuwa ban sake taɓa keken ba.

Sati shida hannun Auwalu yana ɗaure cikin karare. Ni ke ba shi abinci, ni ke yi masa wanka, ni ke kwana kusa da shi don kada ya juya a kan hannun. A wannan zaman ne ƙafafuna suka koyi tsayawa. Shi kuwa abin da yake so kullum shi ne in ba shi labarin jan babur, in yi masa kukan injin, ina yi hawaye suna zubo mini yana dariya. Da aka kwance ɗorin, hannun ya kama amma bai miƙe sosai ba. Hutun daminar da ta biyo baya na koma Gusau, na zauna a bakin ƙofar nan tawa. Kawu ya tambaye ni ko na dawo hanya, na ce a'a, har yanzu Ɗan Zafi. Gaskiya na faɗa. Sai dai a ranar, duk lokacin da aka nuno wata mata a cikin rumfar makanikai, matar wani mahayi ko uwarsa, ta toshe baki da hannu biyu, ita nake kallo, kuma ban iya tuna wanda ya ci ba.

Yanzu Auwalu tela ne a Tsafe, idan yana awo sai ya ɗan karkata kafaɗa don hannun ya kai. Bai taɓa ambata mini ranar ba sai da wasa. Mudi direba ne tsakanin Gusau da Bungudu, fasinjoji suna ƙorafin ba ya gudu. 'Ya'yana suna kallon irin wannan tsere a waya, kowa da tasa a hannu, kowa a kusurwarsa, suna musu da mutanen da ba su sani ba ta hanyar rubutu, babu tafi, babu mai cewa jakinsa zai ci. Wani lokaci nakan leƙa ta kafaɗarsu, kuma har yau idan jan babur ya shiga kwana sai in karkata jiki ban sani ba. Rabona da hanyar gonarmu an daɗe. Mutanen gida ma sai sun tambayi labarin daji kafin su bi ta saboda 'yan bindiga, kuma kukan babur daga nesa ya zama abin da ke sa uwa ta tattara 'ya'yanta cikin ɗaki. Ina kewar shekarun da yarinya za ta fita da ƙanenta da rana tsaka, babu abin tsoro a gabanta sai yashi da taurin kanta.