Hajiya Barakatu ta Garou da Zuciyar 'Yarta

Haihuwa da karatu

An haifi Hajiya Barakatu a shekarar 1952 a ƙauyen Garou na ƙasar Malanville. Mahaifinta Malam Amadu masunci ne, mahaifiyarta Habsatou kuwa manomiyar albasa. Ta sauke Alƙur'ani a gida, ta yi boko a Malanville, sannan ta tafi kudu ta koyo aikin ungozoma, ta dawo a 1973.

Aure da aiki

A wannan shekarar ta auri Alhaji Zahiru mai fataucin albasa, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Ta farko ita ce Nazifa, wadda bisa al'adar kunyar ɗan fari uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce “yarinyar nan”. Barakatu mace ce mai haƙuri da masu naƙuda, amma idan ta kafe a kan magana, mijinta ma kan ɗauki hularsa ya fita.

Rasuwar Nazifa

A 1996 Nazifa ta rasu a wani babban asibiti na kudu, aka kawo ta cikin likkafani. Matan Garou ba sa yarda da wankan da wasu suka yi wa gawarsu, saboda haka suka kwance don su sake, sai suka ga ɗinki tun daga ƙirji har cibiya. Bayan jana'iza bincike ya nuna an cire zuciyarta an ajiye a kwalba don koyar da ɗalibai, ba tare da an nemi izinin kowa ba. Dangi suka ce a bar wa Allah. Barakatu ta ƙi, domin ta kasa jure a ce 'yarta ta kwanta ba cikakkiya ba.

Gwagwarmaya

Ta yi shekaru tana zirga-zirga zuwa asibitin neman zuciyar, ana yi mata gobe-jibi. A 2003 aka shigar da ita gaban majalisar likitocin asibitin, shugabansu ya tambayi sunan mamaciyar. A nan ne ta karya kunyar da ta riƙe tun haihuwa, ta ce: “Sunanta Nazifa, ɗiyata ta. Ni ma ma'aikaciyar lahiya ta, ban hana ku ilimi ba. Amma mi ya hana ku tambaye ni?”

An ba ta zuciyar, ta ɗauko ta cikin farin ƙyalle a kan cinyarta har Garou, aka binne a gefen kabarin. Daga wannan shekara asibitin ya haramta taɓa gawa sai da yardar iyalinta, ya kuma kira dangin sauran mamatan da aka cire wa sassan jiki su karɓi nasu. Murnar da aka yi a Garou ba ta misaltuwa.

Rasuwarta

Allah ya yi mata rasuwa a 2022 a wannan asibitin, bayan wata jinya da ta ɗaure wa likitoci kai. Babban likita ya zo da kansa ya nemi izinin ɗanta Zakariya'u don a bincika gawar. Zakariya'u ya ce a'a, likitan ya yi masa ta'aziyya ya buɗe musu ƙofa suka tafi da gawar. An yi mata sutura a Garou kusa da Nazifa. Ta bar Zakariya'u, da Rahamatu, da Yasin. Allah ya haskaka makwancinta.