Ƙwan Kifin Baba a Saman Soro

Ranar Talata ce da hantsi, saura kwana biyar a hau Arfa, a shekarar da na cika tara. Na dawo daga sayo burodi na tarar da kyanwoyin unguwarmu sun cika lungun bayan gida suna wawaso. Ko da na matsa, sai na ga ƙwan kifin Babana warwatse cikin ƙasa, wani an taka, wani yana bakin kyanwa. Aikin wata uku ke nan. Na saki burodin na fashe da kuka, har yau kuma idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Babana Basarke ne, a bakin Kwara aka haife shi, a cikin jirgin kamun kifi ya girma. Da ƙafa suka zo Makka shi da yayansa, wanda muke kira Baffa. Baffa ya samu shiga wajen masu saukar da alhazai, ya yi gida a unguwar Mansur, ya ba mu ɗaki ɗaya. Baba kuwa ya zama mai ɗaukar ruwa, garwa biyu a sanda, daga safe har la'asar, har kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Wani mai jirgin kamun kifi a Jidda ya yi masa alkawarin gurbi bayan aikin hajji, da sharaɗin ya zo da ƙugiyarsa da abin da zai maƙala mata. A gida tana ake haƙowa, to ina tana a ƙasar Makka? Shi ya sa yake bin masu sayar da kifin Jidda, yana tsintar ƙwan da suke zubarwa.

Ni ce 'yar aikinsa. Mukan wanke ƙwan a ruwan gishiri a hankali don kada tantaninsa ya fashe, mu binne shi a gishiri kwana uku, mu ɗora katako da dutse ruwan ya tsane, sannan mu shanya a saman soro ƙarƙashin buhu, domin ranar Makka dafa shi take yi. Idan ya yi tauri ya yi ja, sai mu yayyanka, mu ƙulle kowane a tsumma da zare. "Hajara, kada ki yi masa gaggawa, lalacewa zai yi," haka yake ce mini kullum. Yara na can ƙasa suna 'yar gala-gala, ni ina sama da mafici ina korar ƙuda da kyanwa, kuma ban taɓa jin haushi ba. Na san kafaɗar ubana nake gadi.

Idan lokacin hajji ya zo, kowa kan kwashe kayansa ya koma saman soro a bar wa baƙi ɗakuna. Baffa ya sauki alhazai daga ƙasarmu, ya kuma gaya musu mu zuri'ar malamai ne. Ƙarnin ƙwan ne ya tsaya masa a wuya, don a ganinsa duk wanda ya shaƙa zai gane asalinmu. Mutumin da ruwan Kwara ya raina, wai shi ne yake jin kunyar kifi! Bai iya tarar ƙanensa ya faɗa masa ba. Sai da Baba ya fita da garwa, sannan Baffa ya kira ni da fara'a, ya ce, "'Yata, maza ki sayo wa baƙi burodi." Ni kuma sakarya na tafi da gudu, ina murna an aike ni. Ashe ina fita ya hau soro ya watsa ƙwan cikin lungu.

Da Baba ya dawo ya ga lungun, ya daɗe a tsaye da sanda a kafaɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, da ka faɗa mini, ai da na kai shi gidan wani." Na so ya yi faɗa, na so ya fasa garwar nan a ƙofar gida. Bai yi ba, gidan ba nasa ba ne.

Washegari wani tsoho cikin baƙin ya hawo soro yana waige-waige. Ya ce wa Baffa, "Alhaji, ina ƙamshin nan na jiya? Tun da na baro Yawuri ban ji abin da ya tuna mini da gida kamarsa ba." Baffa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa sai da Innata ta toshe mini baki don kada in tona asiri.

Jirgi ya tashi da wani, Baba bai sake maganar Jidda ba. Yanzu jikokina kan kai ni bakin teku a mota kafin shayi ya huce, abin ƙugiya kuma ga shi nan a kanti, a sanyaye cikin leda. Nakan zauna ina kallon masu jefa fatsa don nishaɗi, ina tuna mutumin da ya iya ruwa fiye da su duka. Baba ya ƙare rayuwarsa da ruwa a kafaɗa, bai sake tsoma ƙugiya a cikinsa ba.