Gwaggo da Rumbun Littafi

Ni dai Allah ya jarrabe ni da son littattafan ban tsoro. Karatun da daɗi, amma abin da ya fi min daɗi shi ne in haɗa wata da littafi in koma gefe ina kallon yadda za ta ƙare. A unguwarmu a Malumfashi har suna na yi. Duk wadda ta ce in tura mata labari ta waya, sai na fara tambayarta abin da ta fi tsoro, rijiya ce ko madubi ko kukan jariri, sannan in zaɓo mata daidai ciwonta. Wata ƙawata mai ɗinki sati guda madubin shagonta yana kallon bango, masu gwada kaya suna ta mita. Ranar da na ji, na yi dariya har da riƙe ciki.

Mutum ɗaya ce ta gagare ni, Gwaggona ta Dayi, yayar babanmu. Ita ke yi wa matan unguwarsu wankan gawa tun ban san kaina ba. Maciji kuwa da taɓarya take gamawa da shi, ta koma kan dakanta. Wata kaka na je taya ta ɓarar masara, na shiga yi mata kurin aikina, sai ta taɓe baki ta ce wanda ya wanke gawa da hannunsa ba takarda ce za ta firgita shi ba. A gaban surukanta biyu ta faɗa, suka sa min dariya. Abin ya ƙona min rai, na ci alwashin ba zan bar Dayi ba sai na ga Gwaggo ta waiwaya bayanta.

Na san inda zan kama ta. Gwaggo tana da rumbunta na ƙasa a bayan ɗakinta, ita ke hawa tsani ta ɗebo dawarta, ba ta yarda kowa ya leƙa mata. Ni kuma ina da wani littafi a waya, labarin wata mata da rumbunta ba ya raguwa. Duk sanda ta zura hannu, sai ta ji ana miƙo mata dami daga ciki. Can gaba har wata murya ta fara tambayarta ko ya isa, muryar kuwa ta uwarta ce da ta daɗe da rasuwa.

Gwaggo ba ta karatun boko, don haka ni na riƙa karantawa da rana tsaka, su suna ɓara. Na ƙanƙance murya, na ja kowace kalma, har ni kaina tsigar jikina tana tashi. Kafin la'asar ƙaramar surukar ta ja tabarmarta ta sauya wuri, wai rana ce ta dame ta, alhali rumbun ne ba ta son ba wa baya. Zuciyata fal murna. Gwaggo kuwa ko gezau, hannunta bai tsaya ba, in na yi shiru dai takan ce in ci gaba. Kwana uku muka gama, ta kakkaɓe zaninta ta ce labari ne dai kamar kowane labari.

Sai na fito da makamina na ƙarshe. An yi fim ɗin littafin, kuma ranar da na fara kallonsa a Funtuwa sai da na yi jifa da wayar. Na jingina ta da turmi, na tara su, ina ta rawar jiki kamar mai kai amarya.

Ko minti biyar ba a yi ba Gwaggo ta nuna wayar da totuwa.

"Ke 'yar nan, wannan ne rumbun? A ƙasa daɓas, ba duwatsu ƙarƙashinsa? Ai gara ta riga aljanin cinye dawar."

Daga nan komai ya lalace. Matar fim ɗin ta riƙe taɓarya a can ƙarshenta, surukai suka kwashe da dariya. Aka nuna ana girbi alhali dawar ko kai ba ta fitar ba, Gwaggo ta ce wannan gari yunwa ce za ta kashe su, ba fatalwa ba. Wurin da hannun ya fito daga rumbu, wurin da ya sa ni jifa da waya, ita damin take dubawa, wai wanda ya ɗaure shi bai taɓa shiga gona ba. Har hawaye ta yi don dariya. Na kashe wayata, na shiga haɗa kayana raina a jagule.

Washegari da hantsi ina shirin fita neman mota ta kira ni bayan ɗaki, ta ce in riƙe mata tsani. Na yi mamaki, don Gwaggo ba a riƙe mata tsani. Ta hau, ta ɗaga jinkar, ta tsaya. Sai na ji ta yi gyaran murya, ta yi sallama cikin rumbun, ta ɗan saurara tukuna kafin ta zura hannu. Ta fizgo damin da sauri kamar mai ɗauko garwashi.

Dariya ta taso min har tsanin yana rawa. Na ce, "Gwaggo, ba ke kika ce rumbun ƙarya ne ba?"

Ta sauko, ta waiwaya ta dubi rumbun, sannan ta harare ni.

"Na fim ɗin ƙarya ne mana. Amma da kina karantawa, ai wannan nake gani. Muryar kuma ta innata ce." Ta miƙo min damin. "In kika faɗa wa surukaina, ba ni ba ke. Kuma gobe ma ke za ki riƙe min, ki ajiye jakar nan."