Cokalin Ginin da Kawu Ya Zaɓa Mini

Shekarar da filastar ɗakin mahaifiyata ta fara zubowa, na yanke cewa ba zan sake kiran magini ba. Gidanmu a Madabo ginin ƙasa ne tun na kakanni, daga baya aka bi shi da siminti. Wanda na sa ya gyara bangon a baya, damina ɗaya aikinsa ya gani ya kumbure, ya rabu da ƙasar yana faɗowa ɓallo-ɓallo. Ni tela ne, amma na ce wa kaina hannun da yake daidaita wuyan riga ba zai kasa shafe bango ba. Kayan aiki kawai nake bukata.

Mahaifiyata kaɗai na faɗa wa. Washegari da hantsi sai ga yayanta, Kawu, zaune a zaure da sandarsa. Tsohon magini ne, tun yana saurayi yake sana'ar, har ranar da ya faɗo daga tsani a wani gida a Goron Dutse, ƙugunsa ya goce. Bayan ya warke 'ya'yansa suka kwashe kayan aikinsa suka rabar, suka ce ya huta.

"Na ji za ka kasuwa," in ji shi. "Zan raka ka, kada su haɗa ka da gwangwani."

Tun a nan na fara jin wani abu. Kawu ba mai son fita ba ne, ko ɗaurin aure sai an yi ta lallashi. Kuma ya zo da tsohuwar hularsa ta aiki, ba wadda yake sawa ranar Juma'a ba.

A shagon farko na ɗauki wani cokalin gini mai ƙyalli, da mariƙi ja. Kawu ya karɓa, ya ɗalle shi da farce, ya kara a kunne. Ya lanƙwasa bakin, bakin ya tsaya a lanƙwashe.

"Ka gani? Na kirki komawa yake da kansa."

Mai shagon ya ce, "Baba, ai wannan na waje ne."

"To, a mayar musu," in ji Kawu, ya ajiye.

Shago huɗu muka shiga, kowane cokali sai ya samo masa aibi. Wannan wuyansa liƙi ne, zai ɓalle. Wancan an shafa wa mariƙinsa fenti don a ɓoye tsagewar icen. Abin da ya dame ni shi ne, duk wanda ya ɗauka, a hannunsa yake gwadawa. Ya juya shi, ya shafi iska da shi sama da ƙasa. Ko sau ɗaya bai ce in riƙe in ji ba.

Daga ƙarshe ya ja ni cikin wani lungu, rumfar wani tsohon maƙeri. Suka gaisa gaisuwar waɗanda suka daɗe da sanin juna. Maƙerin bai tambayi abin da muke nema ba, ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya zaro wani ƙunshi a cikin buhu. Cokali biyu ne, babba da ƙarami mai tsini na shiga kusurwa, da 'yar guduma, da katakon murza filasta wanda ba a shafa masa komai ba.

Na ce, "Malam, kamar dama ka san muna zuwa?"

Ya dubi Kawu, sannan ya ce, "Ai irin kayan nan ba a rasa su a ajiye."

Na ɗauki babban cokalin. Ƙarfen kam ba shi da laifi, na lanƙwasa ya koma, na ɗalla ya yi ƙara siririya. Amma mariƙin ya yi mini gajarta, ƙaramin yatsana a waje yake. Hannuna babba ne, na Kawu ƙarami. Na ce a canza mini mariƙi.

"Haka ake yinsa," in ji Kawu. "Mai tsawo gajiyar da wuyan hannu yake."

Ban san sana'ar ba, ba ni da abin musu. Na saya. Muna tafe gida ina ta juya maganar a raina: ko dai maƙerin ne ya rasa mai sayen kayansa, abokinsa ya kawo masa ni? Na ji kunyar tunanin, amma bai bar ni ba.

Ranar da zan fara aikin, kafin in kwaɓa siminti Kawu ya iso. Ya ce kallo kawai zai yi. Ya nuna mini yadda ake ƙwanƙwasa bango da gindin guduma: inda ya yi ƙarar ganga, filastar ta rabu da ƙasa, a fasa a cire. Ya sa na kafa ƙusoshi na ɗaura wayar kaji don simintin ya sami abin kamawa, na yayyafa ruwa. Da na ɗebo kwaɓin na watsa, rabi ya zube a ƙafata. Na sake, ya sake zubewa.

"Kawo in nuna maka sau ɗaya."

Yadda cokalin ya zauna a tafinsa ya ba ni amsar abin da nake ta tambayar kaina. Mariƙin daidai hannunsa, ba ragi ba ƙari. Ya jingine sandar, ya watsa, ya ja sama, wurin ya kwanta sumul. Bai dawo mini da cokalin ba sai da aka kira azahar.

Na ce, "Kawu, yaushe ka ba da aikin kayan nan?"

Bai ɗago ba. "Tun kafin azumi. In na kai su gida za a sake kwashewa."

Ashe shi ya sa aka ƙera, ya rasa inda zai ajiye, sai ga bangona.

Muka yi yarjejeniya: ba zai hau komai ba, zai zauna a kujera ya yi ƙasan bango, ni in yi saman. Kwana uku muna haka. A na huɗu babbar 'yarsa, wadda nake kira Yaya, ta shigo ba zato. Ta ga siminti a farcensa ne a gida, ta biyo sawu. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana murza bango da katako, yana 'yar waƙarsa a hankali, bai ma san ta zo ba. Ta yafito ni tsakar gida.

"Kai ka kira shi?"

"Wallahi Yaya, shi ya kawo kansa."

Ta sake dubansa, ta ce, "Tun da ya faɗi ban ga ya cinye tuwonsa ba sai satin nan. Amma ranar da na ji ya taka tsani, da kai zan yi."

Da muka gama ɗakin, Kawu ya zagaya gidan da gudumarsa yana ƙwanƙwasawa. Ya ce bangon kicin ma ya rabu, da na zaure, da katangar baya. Na bi bayansa na ƙwanƙwasa, ni dai ban ji ƙarar ganga ba ko a wuri ɗaya. Na faɗa masa.

"Kunnenka bai faɗa ba tukuna," in ji shi.

Kicin ɗin na yarda muka fasa, kuma da gaske mun tarar da ƙasar ta jiƙe a gefe guda. Zauren na hana. Muka yi mako biyu yana fushi da ni, sannan ya aiko mahaifiyata ta ce mini maƙwabcinmu yana da tsagewa a bangon shagonsa, in ba Kawun aron kayan ya gyara masa. Na ba da, na ɗauke tsanin gidanmu na kai shagona na kulle.